Naɗi Huɗu, Tabarma Bakwai: Ta'aziyyar Baffana

Ranar Laraba, sha huɗu ga watan Mayu na shekarar 2025, ana dab da kiran sallar azahar, Allah Ya karɓi ran Baffana, ƙanin mahaifina, a asibiti a nan Bauchi, bayan ya daɗe yana jinyar ciwon ƙoda. Ina makaranta a lokacin. Malamar ajinmu ce ta leƙo ta ce in ɗauko jakata, an zo daga gida. Ba ta faɗa mini dalili ba, ni ma ban tambaya ba, domin na hango Abba tsaye a bakin ƙofar makaranta babu hula a kansa, abin da ban taɓa gani ba. Na Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. An sallace shi bayan la'asar a ƙofar gidansa da ke Wunti.

Mai karatu zai lura ban rubuta sunansa ba. Zan rubuta, amma ina roƙon a yi mini haƙuri sai ƙarshe. Dalilin yana cikin abin da zan faɗa.

Baffa, ni ce Umminka. Ka san ba ni da baki a cikin mutane. Ko a aji, in na san amsa, sai in bari wata ta faɗa in gyaɗa kai. Da a tsaye za a ce in yi wannan ta'aziyya, da ban iya haɗa jimla biyu ba. Shi ya sa na zauna na rubuta, domin akwai godiyar da ban yi maka ba kana da rai.

Sunan mahaifiyarku Hajiya aka sa mini, shi ya sa daga kai har Abba babu mai faɗarsa. Ummi kuke ce mini. Ni kuma tun da na buɗe baki da Baffa na san ka. Haka muka rayu, kai ba ka kiran sunana, ni ba na kiran naka, kuma ban taɓa zaton wannan zai zama abin magana ba wata rana.

Ina aji uku na ƙaramar sakandare Umma ta fara aike na gidanka da kwanon abinci ranar Asabar, tunda layi biyu ne kawai tsakaninmu. In na miƙa wa matarka Anti Salma, sai in laɓe a bakin ɗakin aikinka ina kallon laftof ɗinka. Ba hoto, ba fim, baƙin allo ne kawai da fararen rubutu suna gudu. Na yi haka ya fi a ƙirga ina zaton ba ka gani na. Ran nan, ba tare da ka waiwayo ba, ka ce, "Ummi, shigo ki zauna, ba ta cizo." Na shiga na zauna a bakin tabarma kamar wadda ta yi laifi. Daga ranar Asabar ɗina ta zama taka.

A unguwa ba kowa ne ya san aikinka ba. Wasu na cewa gyaran waya kake yi, domin tsofaffin layinmu duk wurinka suke kawo wayoyinsu, kuma ba ka taɓa cewa ba aikinka ba ne. In an tambaye ka sai ka ce kai mai faci ne. Abba ya riƙa tsokanarka da cewa an kai yaro jami'a ya dawo ya ƙare a faci, ko famfon iska ba shi da shi. Sai daga baya na gane ba wasa kake yi ba. Akwai babbar manhaja wadda kwamfuta ke tashi a kanta, mutane daga ƙasashe da yawa ne suke haɗuwa su gina ta, kowa kuma yana iya ɗauka ya yi amfani da ita kyauta. Duk wanda ya ga inda take yoyo sai ya rubuta ɗan gyara ya aika, a duba, in ya yi a liƙa. Wannan ɗan gyaran shi suke kira faci.

Kai a can cikin tsakiyarta kake aiki, wurin da ake kira kanel. Da ka ga na kasa riƙe bayanin littafi sai ka mayar mini da shi Wunti. Ka ce in ɗauki kanel a matsayin mai gida ranar taro, memori kuma, wato ƙwaƙwalwar da kwamfuta ke ajiye abin da take aiki a kai, ita ce tsakar gida. Na'urorin da ke jikin kwamfuta, irin su katin intanet da faifan ajiya da kyamara, su ne baƙi. Baƙo ba ya faɗo wa gida ya zauna inda ya ga dama. Mai gida ne yake nuna masa wuri ya ce nan ne naka, ajiye kayanka a nan, ɗauki saƙonka a nan. In ya gama kuma dole a karɓe wurin domin wani baƙon. In baƙi suna ta shigowa ba a karɓe wuraren waɗanda suka tashi, tsakar gida za ta cika, taro ya tsaya cik.

Ina tuna ranar da muka nemi kalmar Hausa ta wannan karɓewar. Ka ce in kawo tawa. Na yi ta tunani, can na ce a hankali, ai saki ne, kanel ya sake ta. Ka maimaita da ƙarfi kana gwadawa, "Ya sake ta." Sai ga Anti Salma ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu tana tambayar wa ya saki wa. Da ka yi mata bayani ta ce ita dai ba ta yarda a riƙa kiran wannan kalma a gidanta da safiyar Asabar ba, a nemi wata. Ka yi dariya har da riƙe ciki, ni kuma na rufe fuska da hijabi. Ita ce ta ba mu mafita. Ta nuna tabarmar da nake kai ta ce, in baƙo ya zo shimfiɗa ake yi masa, in ya tashi a naɗe. Tun daga ranar muka koma cewa shimfiɗawa da naɗewa, kuma har yau ban sami kalmomin da suka fi su ba.

Abin da ya kai ka ga facinka na ƙarshe ruwa ne. A ƙauyen Miri, nan bayan gari, akwai rijiyar burtsatse mai famfon sola, wadda ka haɗa wa wata 'yar kwamfuta da ba ta wuce tafin hannu ba, tana kunna famfo tana kashewa, tana kuma aiko maka da bayani ta waya. Sai ta riƙa aiki lafiya na ɗan lokaci, daga nan ta sandare. Famfo ya tsaya, mata su jera jarkoki su zauna jira. Kai kuma ka hau babur ka je ka kashe ta ka kunna. Da ƙafafunka suka fara kumbura sai ka koya wa wani manomi mai suna Toma yadda ake yi. Amma abin bai daina damun ka ba. Ka ce kashewa da kunnawa kamar korar baƙi ne duka saboda mutum ɗaya ya ƙi naɗe tabarmarsa. Kana zargin wata na'ura ce ake shimfiɗa wa ba a naɗewa, amma ba ka san wacce ba, kuma ka ce zato ba ya gyara komai.

Shi ne ka zauna ka rubuta wa kanel abin ƙidaya. Kowace na'ura da tata lambar. In an shimfiɗa mata lambar ta hau, in an naɗe ta sauka. Mutum yana iya buɗewa ya ga nawa ke shimfiɗe yanzu, da mafi yawan da aka taɓa shimfiɗawa a lokaci guda. In na'ura ta gama aiki lambarta ya kamata ta koma sifili. Wadda tata ke ta hawa ba ta sauka, ita ce mai laifi. Ka ce ba don Miri kaɗai ba, domin duk inda ake amfani da wannan manhaja akwai wanda ke kashewa yana kunnawa bai san dalili ba.

Akwai wani mutum a wata ƙasa mai sanyi da ke kula da wannan sashe na kanel. Babu facin da zai shiga sai ya duba ya yarda. Ba ku taɓa haɗuwa ba, amma kun shekara da shekaru kuna musayar saƙo, kuma Sarkin Ƙofa kake kiran sa. Ya dawo maka da facin da farko, ya ce ƙidayar tana rage wa kwamfuta gudu. Ka gyara. Ya sake dawo da shi saboda tsarin rubutu. Ni ce na ji haushi a madadinka, na ce ko sannu bai ce ba. Ka ce mini wanda ya karanta aikinka layi-layi har ya ga aibinsa ya fi wanda ya ce ma sha Allah bai buɗe ba. Wannan maganar ta canza yadda nake karɓar jan biron malamaina.

Ba kwamfuta kaɗai ka koya mini ba, Baffa. Kai ne mutum na farko da ya iya jiran amsata. In ka yi tambaya na yi shiru, ba ka cewa yi sauri, ba ka kuma amsa mini. Sai ka ɗauki kofin shayinka ka riƙa kurɓa kana kallon taga har maganar ta fito da kanta. Ranar da na goge maka babban fayil bisa kuskure na fara kuka, ka nuna mini yadda ake dawo da shi, sannan ka sa na sake goge shi da gangan na dawo da shi da hannuna, don in daina tsoron maɓalli. Lokacin da za a raba mu aji, Abba yana ganin ɓangaren kimiyya zai yi mini nauyi, kai ne ka je ka same shi. Ban san me kuka tattauna ba. Na dai san ya dawo ya ce in shiga kimiyya, kuma in na faɗi jarrabawa kai zai kama. Kuma ba ni kaɗai ba ce. Maƙwabciyarku Anti Felicia, mai ɗinki, har yanzu tana faɗar yadda ka zauna da 'yarta Treasure kuna lissafi har ta daina gudun sa.

Ni ce mai gwada maka facin. Ka buɗe mini ɓangarena a laftof ɗinka, da adireshin imel nawa na kaina. Aikina shi ne in kunna gwaji in zuba wa lambobi ido in faɗa maka abin da na gani. Wata Asabar kana shirya saƙon da za ka tura, ka ce a ƙasan kowane faci ana jera sunan wanda ya rubuta da wanda ya gwada, kuma cikakken suna suke so, ba laƙabi ba. Na ce don Allah kar ka sa ni. Ka ce wanda ya yi aiki a faɗa, wannan amana ce. Sai na ga yatsunka sun tsaya a kan maɓallai. Ka ɗan yi murmushi ka ce, "Hajiya, ki yafe mini, mutanen can ba su san alkunya ba." Ka rubuta Fatimatuzzahra, harafi bayan harafi, bakinka a rufe. Ban san inda zan sa idona ba.

Wannan karon ma Sarkin Ƙofa ya dawo da shi, kuma da dalili mai ƙarfi. A kan wata babbar kwamfuta tasa, lambar faifan ajiya ba ta tsaya a sifili ba, ta zarce ƙasa. Da muka gwada yadda ya ce, mu ma muka gani. Lokacin an riga an fara yi maka wankin ƙoda, kana kishingiɗe, laftof a kan cinyata. Ka ce, "Kin ji, Ummi, mun naɗe fiye da abin da muka shimfiɗa. Irin wannan gaskiyar ko a Wunti ba a taɓa yin ta ba." Ka ce kanka ba ya ɗaukar dogon tunani yanzu, in riƙe wannan a matsayin aikin gida, in ka ji sauƙi mu duba tare. Na tabbata da ka sami lafiyar wuni guda da ka gano shi. Ba ka samu ba. Wannan ce Asabar ɗinmu ta ƙarshe.

An yi zaman makoki a gidanka. Mutane sun zo har daga Miri da Zungur, tsakar gida ta cika, aka yi ta aron tabarmi da butoci daga maƙwabta. Bayan sadakar uku aka fara mayar wa kowa kayansa, Umma ce ke rabawa ni ina naɗewa. Da aka zo kan Anti Felicia, Umma ta ware mata huɗu. Anti Felicia ta tsaya tana murza hannu, ta ce ita ba rigima ta zo yi a gidan rasuwa ba, amma bakwai ta kawo. Umma ta ce da hannunta ta karɓa, kuma huɗu ta ƙirga. Kowacce tana jin nauyin 'yar'uwarta, kowacce kuma ta san ba ƙarya take yi ba. Can Anti Felicia ta dafa goshi ta ce, "Maman Ummi, huɗun nan naɗi ne. Biyu-biyu na haɗa don in iya ɗauka, ɗaya ce kawai ta zo ita kaɗai." Umma ta ce ai kuwa haka ne, suka ɗan yi dariya irin ta gidan makoki, aka cika mata bakwai.

Ni kuwa tabarmar da ke hannuna ta suɓuce. Na tuna ka taɓa faɗa mini cewa faifan ajiya ba ya neman wuri ɗaya-ɗaya, jerin wurare yake nema a lokaci guda, kuma a manyan kwamfutoci in wuraren suna maƙwabtaka sai kanel ya haɗe su ya miƙa a dunƙule. A nemi bakwai, a miƙa dunƙule huɗu. Idan lokacin shimfiɗawa facinmu dunƙulen yake ƙirgawa, lokacin naɗewa kuma ɗaiɗaikun, to dole lamba ta zarce ƙasa da sifili. Mun yi kuskuren Umma ke nan. Na ji kunya ƙwarai da tunanina ya tafi kan kwamfuta a irin wannan rana. Na zagaya bayan ɗaki na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza, domin na sami amsar aikin gida kuma babu wanda zan kai wa.

Sai da aka kwana biyu na iya tunkarar Anti Salma, tana cikin takaba. Na ce mata ina son laftof ɗin na ɗan lokaci. Ta ce yanzu ba tata ba ce, ta shiga kayan gadon 'ya'yanku Usama da A'i, amma za ta yi magana da Abba. Washegari ta miƙo mini ita a naɗe cikin ɗankwali ta ce aro ne, in kula da ita. Ban san kalmar sirrin ɓangarenka ba, kuma ban nema ba. A nawa ɓangaren akwai kwafin aikin. Na buɗe na duba, ga shi nan kamar yadda na zata. Layi biyu kawai na canza, yadda za a ƙirga abu iri ɗaya a shiga da fita. Na kunna gwaji. Lambar ta hau, ta hau, ta sauko, ta tsaya a sifili. Na sake, ta sake tsayawa. Na ce alhamdu lillahi, na kuma waiwaya gefen da kake kishingiɗa.

Saura turawa, kuma nan ne na tsaya. Saƙonnin masu wannan aiki a fili suke, kowa a duniya yana iya karantawa. Ina tsoron Turancina, ina tsoron a ce wace ce wannan. Kullum in na dawo makaranta sai in buɗe in rufe. Ana haka na ga Sarkin Ƙofa ya rubuto yana tambayar ko har yanzu kana kan aikin, domin an kusa rufe karɓar sababbin gyare-gyare, kuma in bai ji daga gare ka ba zai cire facin daga jerin da yake jira. Na san in aka cire, wani zai rubuta irinsa wata rana, aikin da ka yi da kumburarrun ƙafafu ya bi iska. Na yi alwala, na yi bisimilla, na shirya saƙon. Da na zo layin da ake rubuta mai aikin, ban ko yi tunani ba. Na rubuta abin da na saba kiran ka. Na rubuta Baffa, na tura.

Amsa ta zo washegari. Ya ce gyaran daidai ne, ya gwada a kwamfutarsa lamba ta koma sifili. Sannan ya ce amma wane ne Baffa? Wannan aikin na wani ne da ya sani shekaru da yawa, ya ambaci sunanka cikakke, kuma ba zai karɓe shi da sunan wani ba sai mai shi ya yarda da bakinsa. Ya tambaya ina kake, me ya sa ka yi shiru.

Na karanta har ƙarshe. Abu biyu na gane a lokaci guda. Mutanen da ka yi shekaru kana aiki da su ba su san ka rasu ba, babu wanda ya gaya musu. Kuma abin da na yi don girmamawa, a idonsu ya yi kama da na ɗauke aikinka na ba wani baƙo.

Na ɗauki laftof na tafi wurin Anti Salma na fassara mata. Ta yi murmushi, murmushin farko da na gani a fuskarta tun ranar Laraban nan, ta ce wato na je har ƙasar Turawa ina yi musu alkunya. Na ce hannuna ne ya ƙi. Ta ja carbinta, sannan ta ce, "Ni ma ban taɓa faɗa ba. Abban Usama nake cewa, yanzu kuma ko na faɗa ba zai amsa ba. Ke rubuta. Shi ai ya rubuta na mahaifiyarsa saboda ke."

A gabanta na rubuta. Na yi yadda ka yi, harafi bayan harafi, bakina a rufe. Na sa sunanka a layin mai aiki, nawa a ƙasa. Na ƙara da gajeren bayani da Turancin da nake da shi, cewa ka rasu ranar sha huɗu ga Mayu, ni 'yar wanka ce, Baffa kuma ba suna ba ne, haka muke kiran ƙanin uba, domin a wurinmu yaro ba ya kiran babba da sunansa. Na ba da haƙuri. Anti Salma ce ta ce in danna, na danna.

Baffa, da ka ga abin da ya biyo baya. Sarkin Ƙofa, wanda na ce ko sannu bai iya ba, ya rubuto doguwar ta'aziyya. Ya ce bai taɓa jin muryarka ba, amma ya san haƙurinka, domin bai taɓa dawo maka da aiki ka amsa da fushi ba. Ya ce babu abin ba da haƙuri, shi ne ya koyi sabuwar kalma. Bayan shi wasu suka yi ta rubutowa daga ƙasashen da sai na duba taswira, wani ya ce kai ka taimake shi a facinsa na farko, wata ta ce ka taɓa gyara mata kuskure a asirce don kar ta ji kunya. Na karanta wa Anti Salma da Abba duka, ina fassarawa. Ban taɓa yin magana mai tsawon haka a gaban Abba ba. A ƙarshe aka karɓi facin, da sunanka a sama.

Na Miri bai ƙare ba, ba zan ce ya ƙare ba. Abba ya kai ni a babur, na ɗora sabuwar manhajar a kan 'yar kwamfutar kamar yadda ka nuna mini, Toma yana riƙe mana lema saboda rana. Yanzu ana gani ƙarara, lambar katin intanet ce ke hawa ba ta sauka. Zarginka ya tabbata, kuma mun san baƙon. Gyaran ya fi ƙarfina a yanzu. Na rubuta abin da na gani na tura musu, wannan karon ban yi kwanaki ina buɗewa ina rufewa ba, kuma wani ya ce zai duba tare da ni. Kafin nan Toma yana ci gaba da kashewa da kunnawa. Ya ce in gaya wa iyalinka duk wanda ya ɗebi ruwa a wurin ya san wanda ya haɗa.

Na gode, Baffa. Na gode da ka ce in shigo. Na gode da shirun da ka jira, da Asabar ɗin da ka ba ni alhali kana da 'ya'yanka da ciwonka. Laftof ɗin tana wurina har yanzu a matsayin aro, ina goge ta ina rufe ta da ɗankwalin da aka ba ni ita a ciki, kuma na fara nuna wa Usama inda ake kunnawa, don ranar da zan mayar ya san abin da aka bar masa. Malaminmu na Islamiyya yakan ce rai ma aro ne. Na sha ji, amma sai bana na fahimta. An shimfiɗa maka, ka zauna ka yi abin da ya kawo ka ba ka takura wa kowa ba, Mai shi kuma Ya naɗe a lokacin da Ya so. Ba mu da ta cewa sai godiya da Ya sa muka zauna kusa da kai.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Anti Salma, Allah Ya ba ki haƙuri da juriya, Ya saka miki da abin da kika yi mini. Ga ƙannena Usama da A'i, Allah Ya raya ku Ya yi muku albarka, Ya sa ku gaji halinsa. Ga Abba, wanda ya rasa ƙani kuma abokin tsokana, da Umma, da dukkan zuriyar kakanmu Malam Ashiru. Ga Anti Felicia da maƙwabtan Wunti da suka ba da tabarminsu da lokacinsu, da Toma da mutanen Miri, da abokan aikinsa na nesa waɗanda ba za su iya karanta wannan ba.

Ya Allah, Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka sa ciwon da ya sha ya zama kankarar zunubi. Ka yalwata kabarinsa Ka haskaka shi. Ka sa ruwan Miri da ilimin da ya bari su zama sadaka mai gudana a gare shi. Ka haɗa shi da Hajiya a Aljanna Firdausi, mu kuma in tamu ta zo Ka sa mu cika da imani.

Na tambayi malaminmu ma'anar sunanka, a rubuce na miƙa masa. Ya ce yana nufin wanda aka kiyaye, wanda ba a bari ya ɓata ba. To, na yi alkawari a farko, ga shi zan cika. Ka yafe mini, Baffa, sau ɗaya ne.

Allah Ya jiƙan Mahfuz Ashiru.

Fatimatuzzahra Kabiru Ashiru
Wunti, Bauchi